Shin gwamnati na biyan kuɗin koya wa sababbin ɗalibai zaman duniya?

"Assalamu alaikum Malam. Ni manomi ne a ƙasar Argungu. Ɗana na fari ya samu gurbin karatu a Birnin Kebbi bana, shekarunsa 17, kuma shi ne na farko a gidanmu da zai wuce sakandare. Bai taɓa riƙe kuɗi masu kauri ba, bai taɓa yin wata guda ba ya gabanmu ba. Wani ya ce mini gwamnati na ba da kuɗi don a koya wa sababbin ɗalibai dabarun zaman duniya, har an turo mini saƙo a WhatsApp cewa a biya dubu biyar a cike fom. Da gaske akwai wannan kuɗi? In akwai, ina ake nema? In babu, ba hakkin gwamnati ba ne ta yi?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa albarka a karatun yaron nan, ya sa ƙannensa su bi sahu. In na fahimce ka, so kake ka san ko akwai kason da gwamnati ta ware don a shirya yaro kafin ya tsunduma cikin babbar makaranta, in kuma babu, ko ya dace a matsa mata ta ware. Amma ga abin da ba ya jira: kada ka tura wa kowa dubu biyar ɗin nan. Kuɗin da gwamnati ke kashewa a kan irin wannan horo asusun makaranta suke shiga, ba a miƙa su ga uba ko ɗalibi. Bashin karatu ma, da ɗalibi ke nema da kansa, kyauta ake cike shi a shafin hukumar da ke ba da shi, wato NELFUND. Wanda ya ce a biya shi kafin a ga tallafi aljihunka yake hari, kuma lambobin BVN da NIN na yaron da zai karɓa a cikin fom ɗin sun fi masa dubu biyar ɗin amfani.

Aikina ba ɗalibai shawara ne a ɗaya daga cikin manyan makarantun gwamnati na jihar nan, kuma na daɗe cikin masu shirya taron tarbar sababbin ɗalibai. Daga nan nake magana.

Abin da ke kayar da yaro a zangon farko

Tun shekarun 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin abubuwan da matashi ke bukata don tafiyar da rayuwarsa: iya yanke shawara, warware matsala, yin magana a fahimce shi, sanin kansa, danne fushi, jure matsi da iya zama da mutane. A takarda abin kamar nasiha ne kawai. Ga yadda yake zuwa mana a ofis.

Yaro ya zo da sakamako mai kyau, amma bai san shi zai yi wa kansa rajistar kwasa-kwasai ba, kuma kwas ɗin da bai yi wa rajista ba, ko ya rubuta jarrabawarsa aikin banza ya yi. Bai san ana tara maki tun daga gwajin farko ba. Galibi jarrabawar ƙarshen zango kashi 60 ko 70 ce cikin ɗari, sauran daga gwaje-gwaje da aikin gida suke fitowa, kuma a ƙa'ida wanda bai halarci kashi 75 na lakcoci ba ana iya hana shi zama jarrabawa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne lissafin matsakaicin maki. Makin shekarar farko ba ya gogewa, yana nan cikin lissafi har ranar da za a rubuta darajar takardar shaida. Sai ka ga ɗalibi ya farga a aji uku, ya dage iya ƙarfinsa, amma makin aji ɗaya ya riƙe shi a ƙasa. Bayanin wannan bai wuce na rabin awa a gaban allo ba, amma da yawa ba sa samun mai yi musu shi sai an kafe sakamako sun ga kari-oba, wato kwas ɗin da suka faɗi da sai sun maimaita.

Sai kunya. Mu a nan muna tarbiyyar yaro kada ya ɗaga ido ya kalli babba, kada ya cika tambaya, kuma tarbiyya ce da ba na son mu rasa. Sai dai a babbar makaranta ba mai bin ɗalibi ya ji me ke damunsa. Yaron da ya saba malami ya yi bayani da Turanci ya maimaita da Hausa, yau ga shi a zauren da ɗaruruwa ke zaune, malami na magana ta lasifika, rabin abin da ake faɗa na wuce shi, kuma ya gwammace ya faɗi jarrabawa da ya ɗaga hannu a yi masa dariya. Irin waɗannan yara in na zauna da su nakan tarar da kaifin basira. Ba wanda ya taɓa ce musu zuwa ofishin malami neman ƙarin bayani ba rashin ladabi ba ne.

Batun kuɗi kuwa kai ka fi ni sani, Alhaji. Kuɗin manomi lokaci guda suke zuwa, in an sayar da shinkafa, don haka iyaye da yawa kan damƙa wa yaro guzurin zango gaba ɗaya. Makonnin farko ya ci abincin sayarwa, ya sayi takalmi don kada a ce ɗan ƙauye ne, ya ranta wa abokin ɗakin da bai san asalinsa ba. Kafin tsakiyar zango sai garin kwaki, kunya kuma ta hana shi kiran gida. A wannan gaɓa ce wayar da ke hannunsa ke zame masa masifa: cacar ƙwallo, manhajojin bashi masu kiran duk wanda ke cikin wayar mutum in ya makara biya, da masu cewa zuba goma ka kwashi ashirin. An ga MMM a 2016, an ga CBEX a 2025, kuma gobe wani zai fito da sabon suna. Akwai kuma mai cewa "ara mini asusunka a turo mini kuɗi, zan ba ka na kati", yaro ya wayi gari a hannun hukuma kan kuɗin zambar da bai san tushensu ba.

Ƙwaya ma ta wannan ƙofa take shiga. Binciken da aka yi a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gano mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da su a Najeriya cikin shekara guda, kusan miliyan 3 daga Arewa maso Yamma. A makaranta abin kan fara ne da "sha wannan, zai hana ka barci ka yi karatu". 'Yan mata kuma suna da nasu ƙarin nauyin, na sanin inda za su kai ƙara in wani mai iko a kansu ya matsa musu. Tsaro ma ya shigo ciki. A Satumban 2023 daga gidajen haya na Sabon Gida, kusa da jami'ar tarayya ta Gusau, aka kwashe ɗalibai. Zaɓen unguwar da za a kama ɗaki da lokacin da za a hau hanya yanzu darasi ne da sai an koyar.

Ta ina kuɗin ke bi

Ƙofa ta farko ita ce kasafin gwamnati. Gwamnatin tarayya da ta jiha duk suna da hurumi a ilimi mai zurfi. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, Jami'ar Aikin Gona ta Zuru da Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru daga Abuja ake ɗaukar nauyinsu. Jami'ar da ke Aliero, Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, kwalejin fasaha ta Dakingari da ta kiwon lafiya ta Jega na jiha ne. A ɓangarorin biyu albashi ke lashe mafi yawan kasafin, abin da ya rage kuma wuta da man janareta da gyare-gyare ke jiransa.

Babbar ƙofa ta biyu ita ce TETFund, hukumar asusun tallafa wa manyan makarantun gwamnati, wadda dokar 2011 ta kafa a madadin asusun harajin ilimi na 1993. Kuɗinta daga harajin ribar kamfanoni ne, wanda ya fara da kashi 2 cikin ɗari ya kai kashi 3 a 2023. Sabuwar dokar haraji ta 2025 ta haɗe shi da wasu cikin haraji guda, amma hukumar na nan da kasonta. Ana raba kuɗin tsakanin jami'o'i, kwalejojin fasaha da kwalejojin ilimi na gwamnati a kan 2:1:1. Abin da take yi da su shi ne gine-gine, kayan koyarwa, ɗakunan karatu, bincike da tura malamai ƙaro ilimi. Ta gina cibiyoyin koyon kasuwanci, a 2024 kuma ta ƙara kaso don cibiyoyin ba da shawara kan aiki da sana'a, wanda shi ne mafi kusa da abin da kake tambaya. Amma TETFund ba ta biyan albashi. Za ta iya gina ofis ta zuba kujeru da kwamfuta, wanda zai zauna ciki ya saurari yaro kuwa sai makaranta ta ɗauka ta biya.

Ƙofa ta uku kai ne. In an ba yaron takardar biyan kuɗin rajista ka sa a karanta maka ita layi-layi. Galibi za ka ga kuɗin asibiti, na wasanni, na ɗakin karatu, na darussan bai-ɗaya da ake kira GST, wani wuri har da na tarbar sababbin ɗalibai da littafin dokoki. Ashe ɗan abin da ake yi ɗin ma iyaye na cikin masu biyansa, kuma wannan ya ba ka bakin tambayar me aka yi da shi.

Akwai kuma NELFUND, asusun bashin karatu da aka sa wa dokarsa hannu a Afrilun 2024, aka buɗe shafinsa a watan Mayu. Yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, ya ba ɗalibi naira 20,000 a wata don ɗawainiya, babu ruwa a kai, kuma ana fara biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa, da kashi 10 cikin ɗari na albashi.

A ƙasa da wannan mataki gwamnati ta riga ta yarda abin ya cancanci kuɗi. Shirin AGILE, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 500 a 2020, Kebbi na cikin jihohi bakwai na farko da suka shiga, kuma cikin ayyukansa akwai koya wa 'yan matan sakandare dabarun rayuwa da sarrafa na'ura. Daga ƙofar sakandare zuwa ta jami'a ne zaren ke tsinkewa.

A manhaja fa? Tsarin manhajar jami'o'i mai suna CCMAS da hukumar jami'o'i ta NUC ta ƙaddamar a Disamban 2022 ya tanadi darussan bai-ɗaya. A aji ɗaya akwai Turancin sadarwa da darasin al'ummomin Najeriya da al'adunsu, wanda ke taɓo tarbiyya da illar miyagun ɗabi'u. Falsafa da dabarun kasuwanci sai aji biyu, zaman lafiya da sasanta rikici da kafa sana'a sai aji uku. Darussa ne masu amfani, amma ba don makon farko aka tsara su ba, kuma a zaure mai cike maƙil ake koyar da su, a haddace, a amsa a kwamfuta, a manta. Taron tarba kuma, wanda ya kamata ya cike giɓin, yakan zo a makare saboda sunayen waɗanda aka ɗauka kashi-kashi suke fitowa. Ranar taron manya su yi jawabai, a gargaɗi yara kan satar amsa da ƙungiyoyin asiri da sutura, a watse. Gargaɗi ya samu, koyarwa ba ta samu ba.

Hakkin gwamnati ne?

A ganina hakkinta ne, kuma hujjar da ta fi ƙarfi ta lissafi ce. Kafin yaro ya kai aji ɗaya an kashe masa shekara goma sha biyu na firamare da sakandare, an gina zauren da zai zauna, ana biyan malamin da zai koya masa. In aka kore shi a ƙarshen shekara saboda bai san yadda ake lissafin maki ba, duk wannan ya bi ruwa, gurbin da ya riƙe kuma wani ya rasa shi. Yanzu da aka shigo da bashi abin ya ƙara nauyi. Mafi ƙarancin shekarun shiga babbar makaranta 16 ne. Hukumar da za ta ɗora wa yaro mai waɗannan shekaru bashi, ta riƙa tura masa kuɗi kowane wata, bai kamata ta bar shi bai san yadda ake kasafta su ba. In ya faɗi ya koma gida, bashin bai faɗi tare da shi ba.

Akwai kuma adalci. Ɗan malamin jami'a a gida yake jin duk wannan, wajen cin tuwon dare. Shi da ɗanka JAMB ɗaya suka rubuta, amma ɗanka ba shi da wanda zai tambaya. Irin wannan rata ce kuɗin jama'a ya kamata su rage.

Na san masu ja, kuma ba na raina hujjarsu. Wasu na cewa wannan aikin gida ne da Islamiyya. Gaskiya ne tsoron Allah da amana da kunya daga can suke fitowa, ba kwas ɗin da zai dasa su cikin wata uku. Amma uba ba zai koya wa ɗa rajistar kwas ɗin da shi kansa bai taɓa gani ba. Wasu kuma tsoronsu kada a fake da wannan a shigo da tarbiyyar da ba tamu ba, kuma tsoro ne da na sha ji daga bakin iyaye masu hankali. Maganinsa a rubuta manhajar a nan gida, a baje ta a fili, malaman addini su gani, ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN da ƙungiyoyin ɗalibai Kirista su sa baki, tunda ɗan Zuru da ɗan Gwandu da ɗan Yauri ɗaki ɗaya za su kwana. Hujjar da ta fi min nauyi ita ce ta masu cewa makarantar da ba ta da isasshen ɗakin kwana da ruwa, da wane ido za ta kashe kuɗi a kan nasiha. Amsata ita ce abin da nake nema ba shi da tsadar gini ɗaya.

Yadda nake ganin a yi shi

Ba sai an jira Abuja ba. CCMAS ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari na manhaja ta tsara da kanta, don haka majalisar malamai na iya ƙirƙirar kwas na zangon farko mai maki. Makin nan dole ne, domin ɗalibi ba ya zuwa abin da ba a lissafa masa. Ba sabon abu ba ne a duniya: Jami'ar Karolina ta Kudu a Amurka ta fara irin wannan kwas tun 1972, kuma ƙarfinsa a ƙananan azuzuwa yake. In aka tara mutum dubu a zaure aka sayar musu da handawut, an ƙara musu kwas ne kawai. Rukuni ya zama na mutum ashirin zuwa talatin, a ba su aikin hannu: kowa ya rubuta kasafin kuɗinsa na wata, ya lissafa makinsa da kansa, ya je asibitin makaranta ya yi rajista, ya tashi gaban 'yan uwansa ya yi magana ta minti biyu.

Malamai ba za su isa wannan ba, kuma ba sai su kaɗai ba. Da ɗan gari akan ci gari. Ɗalibin aji uku da aka tace aka horar ya fi ni sanin mai abincin da ke da araha, unguwar da ba a kama ɗaki, da abin da yaro ke jin kunyar faɗa wa babba. Mun taɓa gwada haɗa sababbi da na gaba da su a sashe ɗaya, aikin sa kai, kuma na ga yaran da ba sa buɗe baki sun fara zuwa ofis da ƙafarsu. Da jarrabawa ta matso, manyan suka koma kan karatunsu, abin ya mutu, domin ba alawus ba takardar yabo. A nan ne kuɗin gwamnati ya kamata su sauka: ɗan alawus ga waɗannan jagorori, horar da su, da ɗaukar ƙarin ƙwararrun masu ba da shawara, mata da maza. Kuɗi ne na kowace shekara, ba a yanke musu kyalle a ɗauki hoto, shi ya sa suke wuyar samun mai tsaya musu. Ma'aikatar ilimi mai zurfi ta jiha na iya sa musu layi na kansu a kasafi, hukumar tallafin karatu kuma na iya shirya bita ta 'yan kwanaki a hedikwatar masarautu huɗu na jihar nan ga duk wanda ya samu gurbi, kafin ya tafi. In ɗan majalisarku ya zo gida, wannan magana ce da za ku iya kai masa ku da sauran iyaye.

Kada in yi maka alkawarin da ya wuce gona da iri. Kwas ba ya maganin yunwa, kuma yaron da abin da ake turo masa bai kai ƙarshen wata ba, komai iya kasafinsa zai wahala. Wanda ya riga ya yi nisa a ƙwaya ko ciwon damuwa likita yake bukata. Sannan abin da na faɗa na makarantun gwamnati ne, kuma kowace da ƙa'idojinta, don haka littafin dokokin da za a ba ɗanka shi ne hujja a kan maganata.

Kafin ya tafi

Tun yanzu ka fara sa kuɗi a hannunsa. Ka aike shi kasuwa ya sayar da buhu ya kawo maka lissafi a rubuce, ya sayo taki ya yi ciniki da kansa. Mahaifiyarsa ta koya masa dafa abinci uku ko huɗu, domin shinkafar da zai ɗauka daga gida ita ce rabin guzurinsa. Ya buɗe asusu da sunansa, ka riƙa tura masa wata-wata ko da kuɗin zangon duka na hannunka, kuma ka gaya masa da bakinka cewa ba a ara wa kowa asusu, ba a faɗa wa kowa lambar sirrin da banki ke turowa.

Ranar rajista, in da hali, ku je tare. Ku nemi malamin da ke kula da ajinsu ku gaisa, ku ga ofishin harkokin ɗalibai da na masu ba da shawara, ya yi rajistar asibiti tun yana da lafiya, ku kuma nemi ƙungiyar ɗaliban ƙaramar hukumarku. Batun NELFUND ku zauna ku yanke tare, tunda bashi ne: zai bukaci lambar JAMB, NIN, BVN da shaidar shiga makaranta, kuma shi da kansa zai cike, kada ya miƙa wa wani bayanansa.

Abu guda kuma kai kaɗai za ka iya ba shi, wato izinin kawo maka labari marar daɗi. Yaran da suka fi ba ni tsoro su ne 'ya'yan fari irin naka, waɗanda gari duka ya rako su tasha, domin sukan ɓoye faɗuwa shekara biyu don kada su kunyata gida. Ka ce masa in kuɗi sun ƙare ya faɗa, in bai gane karatu ba ya faɗa. In ka kira, kada ka tsaya a "lafiya lau", ka tambaye shi me ya ci yau, an yi gwaji ko ba a yi ba, nawa ya samu. Sakamakon zangon farko kuma in ya fito ka ce ya nuna maka a waya, ka nemi wani malamin makaranta a garinku ya fassara maka shi. In akwai kwas ɗin da ya faɗi, a zango na biyu ake zuwa wurinmu, lokacin gyara na da sauƙi.